Baƙin fim da bidon ɗin esansi

A hutun da ya wuce, a fadarmu ta Safo, na nuna wa abokai wani tsohon fim na Amurka a portabul, Double Indemnity na Billy Wilder, na 1944. Babu launi, babu rawa. Ba mu yi minti goma ba wani ya aje kofin shayi ya ce: "Kai, ai mutumin nan tun farko ya hwaɗi shi ya yi kisan, to mi za mu jira?" Tambayar tasa ce ta sa ni wannan rubutu.

Haka fim ɗin yake. Wani ma'aikacin inshora ya shigo ofis da dare, harsashi a kafaɗa, yana ba da labarin yadda shi da matar wani suka kashe mijin don su ci kuɗin inshora. Mun san ƙarshe tun daga farko. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne ganin yadda mutum mai aiki da albashi ya gangara, taki ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane taki da hujjarsa.

Wani mai sharhi a Faransa, Nino Frank, ya kira irin waɗannan finafinai "film noir" a 1946, wato baƙin fim. Ni ɗalibin ilimin harshe, sunan ya yi mini daɗi a Hausa fiye da a Faransanci. Muna da baƙin ciki, baƙin jini, baƙar aniya, kuma babu ɗaya da ke zancen launi. In ka ja wasalin farko kuma, baƙi su ne mutanen da ba na gida ba. Jarumin baƙin fim baƙo ne ko a garinsu.

Tushensa biyu ne. Akwai finafinan ƴan daba na Amurka, irin su Little Caesar (1931) da Scarface (1932), inda mugu ke hawa sama da bindiga sannan ya faɗo. Akwai kuma salon haske da inuwa na Jamus, wanda irin su Fritz Lang, mai fim ɗin M (1931), suka tsallaka da shi Holiwud bayan hawan Hitila. Baƙin fim ya ɗauki laifin da inuwar, amma ya sauya mai laifin: ya bar gawurtaccen ɗan daba, ya kama ɗan talaka mai bashi a wuya.

Mu ma muna da gadon wannan. A 1972 Mustafa Alasan ya fitar da F.V.V.A., wato mata, gida, mota, kuɗi: ƙaramin ma'aikaci wanda hidimar aure da son a ce ya isa suka tura shi cikin kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a gidan kaso. Ba a yi shi da inuwar Jamus ba, amma gangarar iri ɗaya ce. A zamaninmu, ɗan Kwango Djo Munga ya yi Viva Riva! a 2010: saurayi ya shigo Kinshasa da man da ya sato daga Angola, garin na cikin ƙishin mai, kowa na farautarsa. A'isha Maki kuma, a fim ɗinta na gaskiya mai suna Zinder (2021), ta bi samarin Kara-Kara har cikin fasa-ƙwaurin esansi.

To ku duba hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya. Wa a cikinmu bai san ɗan ruwa-ruwa ba? Ina da abokin da muka yi lakol tare. Ya ci bashin moto, ya ce tafiya goma zai yi da bidon ya biya ya daina. Yanzu shekara uku ke nan, yana tafiyar dare fitila a kashe, uwarsa ba ta barci sai ta ji ƙarar motonsa. Ga dare, ga iyaka, ga bashi, ga "wannan ce ta ƙarshe". Me ya rage?

Amma da yawa cikin finafinan Hausa da muke saukewa, in sun taɓa laifi, sai su ba mu mugu wanda aka haifa mugu. Ya yi dariyar mugunta, a kama shi, wani dattijo ya yi nasiha, a tashi. Za a ce ai hukumar tace finafinai ce ta Kano. Ban yarda ba. Daga 1934 zuwa 1968 Holiwud ma tana ƙarƙashin dokar Hays, wadda ta hana mai laifi tsira. Wilder ya bi dokar, mutuminsa bai tsira ba, amma sai da ya sa muka zauna cikin rigarsa tukuna.

Nan matsalar take. Mugun da bai yi kama da kowa ba, ba ya tsorata kowa. Abokina zai kalle shi ya ce ba da shi ake ba. Da zai ga saurayi mai kunyar surukai, mai salla a kan lokaci, yana ɗaura bidon na farko don wata hujja mai kyau, wataƙila da ya yi shiru.

Ku da ke rubuta labarai a wannan ƙungiya, kyamara ba ta gagare mu ba, tana aljihunmu. Ku fara da bashin, ku bar nasihar. Wanda ya yi tambayar nan a fada, shi ya riƙe portabul ɗin har fim ya ƙare, shayinsa ya huce.