Tsokaci Kan Ɗaure Manhajojin Linux Da Tsarin Tashi Guda

A wannan maƙala muna so mu duba dangantakar da ke tsakanin manhajar da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta da sauran manhajojin da take tayarwa. Shekaru da dama SysV init ke wannan aiki a Linux, har systemd ya fito a 2010 daga hannun Lennart Poettering da Kay Sievers. A Fabrairun 2014 kwamitin fasaha na Debian ya zaɓe shi, bayan ƙuri'u sun yi kunnen doki, sai shugaban kwamitin ya raba gardama.

Ba mu musun ingancinsa. Yana tayar da hidimomi da yawa a lokaci guda, yana kuma iya farfaɗo da wadda ta mutu. Sukarmu a wani wuri take. GNOME ya jingina kan logind, wanda reshe ne na systemd, sai zaɓin fuskar kwamfuta ya koma zaɓin tsarin tashi, alhali kuwa ayyukan biyu ba ɗaya ba ne. Irin wannan ɗauri na cikin dalilan ɓallewar Devuan a 2014, shi ya kuma sa aka ware elogind.

A 2023 masu systemd suka sanar za su janye goyon bayan tsofaffin rubutun SysV. Malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta a Gaya ko Ajingi, shi kaɗai, ga ƙarancin intanet, shi ne zai zauna ya sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya.