Jinjina ga Masu Tace Sautin Jita

A ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, kunne ya saba da kotso, kuma baiti ke gaba, kiɗa na biye. Shi ya sa nake jinjina wa samarin situdiyo da ke zaune gaban kwamfuta suna tace sautin jita. Yawancin aikin ragewa ne. Su datse gurnanin da ke ƙasa da hertz 100 don ganga ta sami fili, su ɗan danne wajen 3,000, inda jita ke kokawa da muryar mawaƙi. Daga nan su gwada a ƙaramar waya, domin da irinta za a saurari waƙar a kasuwar Mafara ranar Talata, cikin hayaniyar babura.