Gwanin da Ke Bayan Takardar Digiri

Jera sunayen kwasa-kwasai a takarda ba gwaninta ba ce. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta daɗe tana yi wa jami'o'in Nijeriya wannan aikin, tun daga ma'aunin farko da ta fitar a 1989. Inda ake gane shugaban sashe na ƙwarai shi ne yadda zai ɗauki wannan jeri ya mai da shi hanyar da yaro ɗan shekara goma sha takwas zai bi, ya fito bayan shekara huɗu yana iya wani abu da hannunsa da kansa.

A watan Disamba na 2022, zamanin da Farfesa Abubakar Adamu Rasheed ke riƙe da hukumar, aka ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS. Kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar hukuma ce ta yanke, sauran kashi 30 aka ce kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da ita. Wannan kashi talatin ɗin ne ya tona asiri. Ragon shugaba ya bi ofis-ofis yana tambayar manya abin da suke sha'awar koyarwa, ya tattara ya aika. Gwani kuwa sai da ya leƙa waje. In sashen noma yake riƙe da shi a Kano, ga noman rani na Kadawa, ga kasuwar hatsi ta Dawanau, ga asarar tumatir da ake yi kowace kaka. In na Hausa ne, ga Kannywood, ga gidajen rediyo masu neman mai fassara. Kuma kafin ya rubuta sunan kowane sabon kwas yakan yi wata tambaya da ba ta cikin fom: wa zai koyar da shi nan da shekara biyar, in wanda ya kawo shawarar ya yi ritaya?

Sai maganar jerantawa. Digirin shekara huɗu yana buƙatar kiredit 120 aƙalla, kuma ba zuba su ake yi a buhu ba. Ɗalibin da bai ƙoshi da lissafi a aji ɗaya ba, a aji uku zai durƙushe, a wani kwas da sunansa ma bai yi kama da lissafi ba. Shi ya sa gwanin shugaba yake karanta takardar sakamako da idon likita. In ya ga rabin aji sun kwaso kari-oba a kwas ɗaya shekara biyu a jere, ba ya tsayawa kan cewa yaran yanzu ba sa karatu. Yakan koma baya ya nemo inda igiyar ta tsinke, sau da yawa kuma a wani zangon da ya wuce take.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan aikin mutane. Ba a canza ko layi ɗaya a manhaja sai an bi ta taron sashe, a wuce tsangaya, a kai majalisar malamai ta jami'a. A taron sashen nan kuwa, cikin masu zama har da farfesan da ya koyar da shugaban tun yana aji biyu, kuma kwas ɗin da ya kamata a soke nasa ne, shekara ashirin yana karanto shi daga takardu guda. Mai gaggawa zai kawo maganar a bainar jama'a, ya ci ƙuri'a, ya rasa sashe. Gwani yakan je ofishin dattijon tun kafin taro, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya ce, "Ranka ya daɗe, Malam, ɗaliban digiri na biyu ba su da mai riƙe musu wannan fanni, kuma ban ga wanda ya kai ka ba." Ranar taro sai ka ji Malam da bakinsa yana cewa lokaci ya yi da yara za su karɓi aji uku. Wasu na kiran wannan siyasa. Ni dai ban ga yadda za a gyara manhaja a ƙasar da ake girmama malami ba tare da ita ba.

Duk wanda ya yi digirin Hausa ya ci gajiyar irin wannan gini. Da can da Turanci ake bayanin nahawun Hausa. Sai da malamai irin su Farfesa M.K.M. Galadanci da Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya a Kano, da Farfesa Dalhatu Muhammad a Zariya, suka yi shekaru suna rubuta littattafai, ana daidaita kalmomin fannu, ana renon ƙananan malamai, kafin ya zama abin yau da kullum ɗalibi ya rubuta kundin digirinsa da Hausa tun daga bango har bango.

Renon malamai shi ne ɓangaren da ya fi cin haƙuri. Ƙa'idar NUC a fannonin adabi ita ce malami ɗaya ga ɗalibai 30, a kimiyya ɗaya ga 20, kuma ana son a ga manya da matsakaita da ƙanana gwargwado. Ba a sayo dakta a kasuwa. Sai an hango haziƙi tun yana aji huɗu, a riƙe shi, a nema masa tallafin asusun ilimi na TETFund, a jira shekara uku ko huɗu, sannan a yi addu'ar kada wata jami'a a Saudiyya ko Ingila ta ɗauke shi.

Sannan masu tantancewa daga NUC su iso. Maki 70 zuwa sama ke ba da cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Ƙasa da haka amincewar wucin gadi ce ta shekara biyu, in abin ya yi muni a hana ɗaukar sababbin ɗalibai. Injiniyoyi kuma ga hukumarsu ta COREN na jiransu da nata ma'aunin. Kowa ya san yadda wasu ke yi: a aro malamai, a aro na'urori, a shafa fenti ana saura mako guda. A sashen gwani mako ne kamar kowane. Takardun jarrabawa na shekarun baya suna cikin fayil tare da rahoton mai duba jarrabawa na waje, littattafan da ke laburare an ga alamar hannu a jikinsu, kuma in baƙo ya tare ɗalibi a baranda ya yi masa tambaya, ba a riga an biya masa amsa ba.

Duk wannan fa a kujerar da galibi wa'adinta shekara biyu ne, a ƙasar da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya cinye wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka dawo, a wurare da dama rukuni biyu na sababbin ɗalibai ne ke jiran shiga, ɗakin lacca kuma bai ƙaru ba. Shugabannin sassa ne suka zauna da jadawali da fensir, suna lissafin wane kwas za a iya matse shi, wane ne kuma in aka taɓa shi aji huɗu zai rushe.