Zirin da ke rufe mahaɗa: rufin asiri ne ko rufa-rufa?

Yayata tela ce. Shagonta kwantena ce mai tsawon ƙafa 20, a bakin titin unguwarmu a Kano. Lokacin da ta saye ta, wani dattijon kafinta ne ya gyara mata cikin. Ya kafa katakai a jikin ƙarfen, ya lulluɓe da allunan filawud masu faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, sannan duk inda allo ya haɗu da ɗan'uwansa ya ɗora siririn katako mai faɗin yatsu biyu ya rufe mahaɗar. Aka yi wa allunan fenti ruwan madara, zirin katakon kuma ruwan ƙasa. Shekara uku shagon nan yana zaune lafiya.

Sai bidiyoyin waya suka shiga tsakani. Ɗakuna ne sumul, bango kamar an zuba shi a faranti, babu layi ko ɗaya. Yaya ta fara ganin zirin nan kamar tabo a fuska. Ta ce shi ne yake tona wa masu kawo ɗinki cewa a cikin kwantena suke zaune. Ƙarshen damina ta kira wasu samari masu aikin fiyofi, suka ɓamɓare katakan, suka cike mahaɗun, suka goge, suka yi fenti. Ranar da aka gama na je, kuma ba zan ɓoye ba, wurin ya yi kyau. Hunturu bai raba tsakiya ba tsaga ta bayyana, miƙaƙƙiya daga silin har ƙasa, bayan kowace ƙafa 4, daidai inda aka cire kowane ziri. Ƙura ta shige ciki ta yi musu baƙin layi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan ba labarin shago ɗaya ba ne. Yayi ne. Gine-ginen da ake ƙerawa a masana'anta a kawo a haɗa, da kwantenonin da ake mayarwa shago ko ofis ko ɗakin shan magani ko aji, suna ta ƙaruwa, kuma masu su da yawa sun ɗauki zirin mahaɗa a matsayin abin kunya. Wasu suna cire shi. Wasu kuma suna sayo na roba mai faɗi, mai ruwan zinare da zanen furanni, su manna da gam, don ido ya tafi ga ƙyalli ya manta da abin da ke ƙarƙashi. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, kuma dalilinsu ɗaya ne: ba su tsaya sun tambayi aikin da ɗan katakon nan yake yi ba.

Ginin haɗawa ba ya zama wuri ɗaya kamar ginin bulo. Tun kafin a shiga cikinsa an ɗaga shi da inji, an ɗora a tirela, ya sha gargadar hanya, an sauke. Bayan an kafa shi ma motsi bai ƙare ba. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi. Kwantena mai ƙafa 40, idan zafin jikinta ya sauya da digiri 30 tsakanin tsakar rana da asuba, tsawonta yana sauyawa da kusan milimita 4. Robar silin tana motsi ninki huɗu zuwa biyar na ƙarfe. Katako kuwa da laima yake tafiya. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ta taɓa cijewa a watan Agusta, ta dawo tana lilo a Janairu, ya san wannan ba sai an karanta masa ba. To, a bango ɗaya an tara ƙarfe da katako da allo, kowa da irin numfashinsa. Dole a bar musu 'yar rata da za su motsa. Ziri shi ne yake rufe ratar ba tare da ya ɗaure su ba. Fiyofi kuwa ba ya miƙewa. Da zarar an ja shi sai ya tsage.

Da Yaya ta koma wurin dattijon, ina tare da ita. Ya shafa tsagar da babban yatsa, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Hajiya, in za ki yi wa yaro riga, ba kya bar masa rara a ɗinki?" Ta ce tana bari mana. Ya ce, "To ni ma rara na bar wa allon. Katakon nan da kika cire, shi ne kalmasar." Na ce, "Baba, ba yadda za a yi a samu sumul ɗin ba tsaga?" Ya ce ana yi, amma da wani irin allo da wani irin kuɗi, kuma ko an yi, ranar da aka ɗaga kwantenar nan aka matsar da ita, sai an sake.

Ba mu kaɗai ke wannan rigima ba. A Amurka akwai miliyoyin mutane da ke zaune a gidajen da aka ƙera a masana'anta, waɗanda tun 1976 gwamnatin tarayya ta kafa musu ƙa'idar gini. Masu araha daga cikinsu bangon cikinsu allon jifsam ne mai rufin roba, da ziri a kan kowace mahaɗa. Ka shiga YouTube ka ga yawan bidiyon da ke koya wa mutane yadda za su cire zirin su shafe wurin, don gidan ya daina kama da na tirela. Manyan gidajen ana kawo su ne rabi biyu, a haɗa a fili, kuma layin da rabin biyu suka haɗu ana kiransa layin aure. A nan tsaga ta fi fitowa idan ƙasa ta ɗan zauna, shi ya sa ake yawan rufe shi da katako mai faɗi. Abin da ke ingiza masu cire zirin shi ne abin da ya ingiza Yaya: kada a gane cewa gidan mai ƙaramin ƙarfi ne. Wannan ne ya fi damuna a cikin yayin. Ginin haɗawa ba abin raini ba ne. Da shi Birtaniya ta tsugunar da iyalai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gidaje sama da 156,000 cikin 'yan shekaru, waɗanda aka yi don su yi shekara 10 amma wasu har yau akwai mutane a ciki. Da shi aka tayar da asibiti mai gado 1,000 a Wuhan cikin kwana 10 a farkon 2020. Gini mai irin wannan tarihi ba ya bukatar ya yi shigar burtu.

Amma kada a ce na wanke ziri tas. Akwai inda yake zama abokin maha'inci. Na taɓa raka mara lafiya wani ƙaramin ɗakin shan magani da aka yi da irin waɗannan ɗakuna. Muna zaune a benci, gefen wani zirin roba mai ruwan zinare ya saki, gam ɗin ya bushe saboda zafi. Na ɗaga shi kaɗan. Ratar da ke baya ta isa yatsu uku, allo ɗaya an yanke shi a karkace. Gefensa ya yi baƙi ya ruɓe, alamar ƙarfen yana gumi da dare ruwan yana gangarowa. Akwai wayar lantarki da aka haɗa aka naɗe da tef, tana kwance a cikin laimar, ga kyankyasai sun yi gida. Daga waje kuwa sai ƙyalli. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma wannan tsagar da ita aka miƙa ginin, aka lulluɓe ta aka karɓi kuɗi.

A nan ne nake raba abu biyu da Hausa ta riga ta raba. Akwai rufin asiri, akwai rufa-rufa. Zirin dattijon nan rufin asiri ne: abin da ke ƙarƙashinsa rata ce ta halal, mai faɗin ƙwayar shinkafa, wadda aka bari da gangan, kuma in ka cire shi ba abin da zai ba kafintan kunya. Zirin ɗakin maganin rufa-rufa ne. Kullum na ga ziri yana ƙara faɗi yana ƙara ado, sai zuciyata ta tambayi me ake ɓoyewa. Mai aikin da ya auna daidai ba ya bukatar tafin hannu guda na roba don ya rufe mahaɗa.

Na yarda akwai wuraren da bango sumul ya zama dole. Ɗakin tiyata da ɗakin gwaje-gwaje ba sa son lungun da datti zai maƙale, kuma akwai kayan da aka yi don haka, masu miƙewa, waɗanda ake toshe mahaɗa da su. Akwai kuma salon da wasu masu zanen gini ke so yanzu, na barin mahaɗar a buɗe a matsayin siririn layi mai inuwa, ba ziri ba shafe. Yana da kyau idan injin masana'anta ne ya yanka allon. A garin da hunturu ke zuba ƙura wata uku, ban ga wanda zai riƙa bin layukan nan da tsinke ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun gaji amsar wannan matsala, muka ajiye ta. Maginin Hausa bai taɓa jin kunyar mahaɗa ba. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cin ta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa a kan tazara mai faɗi. Sai magina suka riƙa ɗaura ta gaɓa-gaɓa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya. Daga nan aka sami ɗaurin guga. Ka shiga tsohon zaure ka ɗaga kai: bakunan sun raba rufin gida-gida, a cikin kowane gida an jera azara, wata a miƙe wata a gicciye, kuma a daidai inda bakunan suka haɗu sau da yawa sai a kafa tasa ko faranti mai ƙyalli. Wato wurin da ya fi kowane zama mahaɗa, shi aka mayar abin kallo. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, abin da ya sa masana gini na duniya suke zuwa ganinsa ke nan: ƙashin ginin shi ne adonsa. Haka masallacin Yaama a jihar Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ko a tufafi ma, saƙar gargajiya ziri-ziri take fitowa daga masaƙa, a jera a ɗinke ta zama babbar riga, ba wanda ya ce a ɓoye layukan. Gyartai ma in ya ɗinke ƙwarya, ɗinkinsa a fili yake.

Ba ina cewa a yi wa kwantena bakan gizo ba. Ina cewa mai irin wannan gado ya kamata ya dubi layukan da allo ke bayarwa ya tsara su tun farko. A daidaita zirin bango da na silin su haɗu, kada kowa ya kama gabansa. A sa ɗaya a kwance daidai tsayin bayan kujera, ya kare allon daga gurzuwa, a yi wa ƙasansa fenti mai duhu da ke jure datti. A zaɓi katako busasshe ko alminiyam, domin robar mai araha tana lanƙwashewa da zafin bazara, ruwan zinarenta kuma ya dushe. Sama da komai a ɗaure shi da sukuru, kada a manna da gam. Zirin da aka ɗaure da sukuru ƙofa ce: ranar da waya ta yi gardama ko ruwa ya shigo, minti biyar an buɗe an duba an mayar. Wanda aka manna sai an yage fuskar allon, wanda aka shafe da fiyofi kuwa sai an fasa.

Yaya ta biya kuɗin aiki sau biyu kafin ta dawo inda ta fara. Dattijon ya kankare mahaɗun, ya mayar da zirinsa, wannan karon ya ƙara na kwance, ita kuma ta zaɓi shuɗi mai duhu irin na rinin baba. A kan na kwancen ta kafa ƙusoshin rataye tef da almakashi. Hunturu biyu sun wuce, bangon bai tsage ba.

Kai da za ka karɓi shago ko ofis ko aji irin wannan daga hannun mai aiki, kafin ka biya cikon kuɗi, ka nuna ziri ɗaya da kai ka zaɓa, ka ce a kwance shi a gabanka, ka leƙa bayansa.