Mai gane tururuwar da ba tururuwa ba

Da gudu take ratsa yashi, ita kaɗai, jikinta lulluɓe da gashi mai laushi, ja da baƙi ko baƙi mai ɗigon fari. Kowa ya gan ta zai rantse tururuwa ce. Amma wanda ya san ƙwari zai durƙusa, ya dubi kanta, ya dubi ƙugunta, ya ce maka wannan 'yar dangin rina da zanzaro ce, fiffike ne kawai Allah bai ba ta ba. Ana kiranta tururuwar karammiski, masana kuma suna kiran danginta Mutillidae, dangin da nau'o'insa suka haura 7,000 a duniya.

Abin da ke burge ni ga masu wannan sani shi ne ƙanƙantar abin da suke dogara da shi. 'Yan ƙahonnin nan biyu na kan tururuwa suna da lanƙwasa a tsakiya. Na wannan ba su da ita. Ƙugun tururuwa yana da ɗan ƙullutu ɗaya ko biyu da ya taso, nata babu. Sannan ga tafiya. Tururuwa 'yar gayya ce, tana bin sahun 'yan uwanta zuwa gida. Wannan kuwa ba ta da gida ba ta da sarauniya, sai kai da komo tana leƙa ramuka. Idan aka danne ta da ɗan kara, sai a ji wani siririn ƙara, domin tana goga sassan cikinta ne don gargaɗi. Fatarta kuma tauri gare ta, har masu adana ƙwari kan sha wahala kafin allura ta huda ta.

Gwani ba ya fara da neman ƙwaron, ƙasa yake fara karantawa. Ya san uwar tana shiga ramin ƙudan zuma ko rinar da ke haƙa a ƙasa, ta ajiye ƙwanta a jikin ɗan masu gida, idan nata ya ƙyanƙyashe ya cinye shi. Saboda haka duk inda ya ga busasshen yashi mai samun rana, cike da ƙananan ramuka, nan zai zauna ya jira, musamman da hantsi ko da la'asar. Irin wannan ƙasa ce ta sa suka yi yawa a hamadar Arizona da arewacin Meziko. A can akwai wata fara fat, Dasymutilla gloriosa, wadda ke kama da 'ya'yan wani tsiron hamada mai furfura, har sai ta motsa ake gane rai gare ta. A Afirka ma akwai su da yawa, har an samu masu yin ƙwai a jikin 'ya'yan ƙudan tsando.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wajen namiji. Yana da fiffike, ba ya harbi, sau da yawa ko kamar macen ba ya yi, ta yadda sai an kama su tare ake tabbatar da nau'i ɗaya ne. A wasu nau'o'in ma ɗaukar ta yake yi ya tashi da ita sama. Wanda ya iya haɗa wannan da waccan, a ganina ya cancanci a sara masa.

Macen kuwa dogon ƙari gare ta. A gabashin Amurka ana yi wa wata laƙabi da "mai kashe saniya". Ba ta kashe saniya, amma Justin Schmidt, masanin da ya auna zafin harbin ƙwari a jikinsa, ya ba wata 'yar uwarta maki 3 cikin 4. Ba ta neman kowa da faɗa, gudu take yi. Idan ka gan ta a gona ko a bakin rafi, ka kife ta da kofin gilashi ka more kallo, ka sake ta, kuma ka hana yara ɗaukarta da hannu.