Daga 'Queen' Zuwa Alƙalawa: Ina Fim Ɗin Asalinmu?

Mai karatu, bari in fara da tambaya. Kakanni nawa za ka iya jerowa ba tare da ka yi inda-inda ba? Yawancinmu daga kaka sai kakan kaka, shi ke nan tura ta kai bango. Na yi wa kaina wannan tambaya ne bayan na sake kallon wani tsohon fim na Amurka mai suna Queen, na kuma koma na duba littafin da aka ciro shi daga ciki. Ina gamawa sai tunanina ya tafi ƙasar Gobir, wajen Gangara da Sabon Birni da Isa. In ka yi haƙuri da ni za ka ga abin da ya haɗa su.

Na san kusan duk tsohon ma'abocin kallo ya san Roots, labarin Kunta Kinte da aka kamo daga Gambiya aka sayar a Amurka. Alex Haley ne ya fitar da littafin a 1976, aka mayar da shi fim na talabijin a 1977. A can zuri'ar mahaifiyarsa ya bi. Shi kuwa Queen ɓangaren mahaifinsa ne. Haley ya rasu a 1992 bai kammala shi ba, sai David Stevens ya ƙarasa, ya fito a 1993. A shekarar aka nuna fim ɗin kashi uku, Halle Berry ce ta fito a matsayin Queen.

Littafin ya faro ne daga ƙasar Ailan. Wani saurayi, James Jackson, ya bar yankin Monaghan a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da ƙasar ke cikin rikici da mulkin Ingila, ya yi ƙaura zuwa Amurka. Ya yi kasuwanci, ya kuɗance, ya kafa katafariyar gona kusa da garin Florence a Jihar Alabama, ya cika ta da bayi. Ɗansa ya yi wa wata baiwa mai suna Easter ciki, aka haifi Queen, fara sol kamar Baturiya amma baiwa a idon doka. Da aka 'yanta bayi a 1865, dangin ubanta ba su karɓe ta ba, baƙaƙen fata kuma suna yi mata kallon bare. Ta sha wuya kafin ta auri Alec Haley, daga baya ma har ta taɓa samun taɓin hankali. Ɗansu Simon shi ne mahaifin marubucin.

A nawa ganin, darajar wannan aiki na wuri guda ne: Haley ya bi jininsa har inda bin ke da kunya. Mutumin da ya baro ƙasar da ake danne mutanenta, shi ne ya zo ya mallaki 'yan Adam kamar dabbobi, kuma jikan jikansa bai ɓoye ba. Mai kallo yana gani da idonsa yadda abin da kaka ya shuka ke tsirowa a kan jikanyarsa.

Amma fa ba a rasa aibu ba. Fim ɗin ya cika kuka da jan rai, wani wurin sai ka rantse na Indiya kake kallo. Hujjar cewa Queen jinin Jackson ce, labarin baka ne na gidan su Haley. Shi kansa Roots ya sha suka mai zafi. A 1977 wani ɗan jaridar Ingila, Mark Ottaway, ya je ƙauyen Juffure ya nuna shakku a kan marokin da ya ba Haley labarin Kunta Kinte. Daga baya masana salsala biyu, Gary da Elizabeth Mills, suka duba takardun Jihar Virginia suka ga bawan da Haley ya ce shi ne Kunta yana cikin takardu tun kafin jirgin da aka ce ya kawo shi ya iso a 1767. A 1978 kuma sai da Haley ya biya marubuci Harold Courlander diyya saboda sassan da aka kwasa daga littafinsa. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

To, mu fa? Kalmar asali ba ta taɓa barin bakin 'yan fim da marubutanmu ba, amma dubi aikin da suke sa ta. Yaro ya ga yarinya, an kai maganar aure, sai Alhaji ya buga ƙafa ya ce yaron ba shi da asali. A sha waƙa uku, a sha kuka. Ana saura minti goma a tashi sai ga wata tsohuwa da zobe ko laya, ta ce ai ɗan sarki ne aka jefar yana jariri. A ɗaura aure, a rubuta Alhamdu lillahi. Sau nawa ka ga wannan, tun zamanin kaset har zuwa finafinai masu dogon zango na YouTube? A irin wannan labari asali ya zama makullin da marubuci ke ɓoyewa a aljihu don ya buɗe ƙofar da ya rufe wa kansa. Abin da ya fi muni shi ne darasin da ake cusa wa mai kallo, wai talaka ba ya cancantar 'yar mutunci sai in an gano jininsa na sarauta ne.

Ko finafinan sarauta ma haka abin yake. Sangaya na kamfanin Sarauniya ya yi kasuwa, ya kuma cancanta, amma fadar da ke cikinsa ba ta da jiya. Ba ka san wa ya kafa ta ba, daga ina suka zo, wa suka tarar a wurin. Akwai alkyabba, akwai dogarai, babu tarihi. Wanda ya fi kusa da abin da nake nufi shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ya fito a 1934, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Nan an ga yadda bauta ta raba uwa da ɗa har ƙetaren Sahara. Sai dai shi ma a kan uwa da ɗanta ya tsaya. Labarin da zai ɗauki gida guda ya bi shi hawa biyar ko shida, har yau muna jiransa.

Kada wani furodusa ya ce mani babu labarin. Je ka ƙasar Gobir. In ana maganar zuri'ar da ta yi ƙaura, Gobirawa su ne gaba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa daga Azbin suka gangaro bayan Abzinawa sun matsa masu, har ya kawo zancen da ke danganta su da Kibɗawan Masar. Sun zauna a Birnin Lalle. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarki Babari ya kafa Alƙalawa a ƙasar Zamfarawa, wato baƙin da aka ba masauki suka zo suka fi ƙarfin masu gida. Aka yi Bawa Jan Gwarzo, aka yi Yakuba da Nafata, sannan Yunfa, wanda ya rasa ransa ranar da masu jihadi suka ci Alƙalawa a 1808. Kufan birnin yana nan a yankin Sabon Birni.

Daga nan gidan ya watse. A 1836 aka kashe Sarkin Gobir Ali a yaƙin Gawakuke. Mayaƙi ya ja sauran jama'a suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi. Bayan wasu shekaru rigimar sarauta ta sa Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Sai ga Turawa, Ingila da Faransa suka ja layi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni hannun Ingila. Jikokin mutum ɗaya, wannan ya koyi Faransanci, wancan Ingilishi, amma tsagen da ke kuncinsu iri ɗaya ne. Don Allah, wane marubuci ne zai ce wannan bai isa littafi ba?

Kuma akwai Queen tamu a ciki. Masana tarihin Daular Usmaniyya sun kawo labarin Katambale, wadda ke gidan Yunfa, bayan faɗuwar Alƙalawa ta koma gidan Muhammadu Bello ta haifa masa 'ya'ya. Ɗaya daga cikinsu, Fodiyo, shi aka ba riƙon ribaɗin Lajinge a bakin iyakar Gobir. Tsaya ka auna. Ubansa ne ya ci birnin, uwarsa daga birnin aka ɗauko ta, shi kuma an ajiye shi ya tsare iyaka daga mutanen da uwarsa ta fito cikinsu. Me yake ji in ya kwanta da dare? Me take gaya masa in sun keɓe? Littattafan tarihi ba sa amsa irin wannan tambaya, aikin mai ƙaga labari ne. Ga kuma sarautar Inna ta Gobir, mace mai faɗa-a-ji a fada, wadda da ƙyar za ka ji an ambace ta in ana jero sunayen sarakuna.

Yanzu mu koma kan tuntuɓen Haley, domin shi ne zai fara kayar da duk wanda ya ɗauki wannan aiki. Mu ma muna da masu riƙe salsala da ka, wato makaɗan fada da maroƙa. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ne, kuma duk mai sauraren waƙoƙinsa ya san yadda yake jero iyaye da kakannin ubangidansa. Taska ce babba. Amma makaɗi yabo aka ɗauke shi yi, ba zai ambaci kakan da ya gudu daga fagen yaƙi ba, ko kakar da aka kamo. Akwai ma wani tarkon. Gidan sarautar Isa zuri'ar Shehu Usmanu ne ta wajen Muhammadu Bello, duk da suna riƙe da laƙabin Sarkin Gobir, alhali na Sabon Birni da Tsibiri jinin tsofaffin sarakunan Alƙalawa ne. Marubucin da ya zauna a Kano ya ji laƙabi ɗaya ya haɗa su a tukunya guda, ya yi kwaɓa, kuma mutanen wurin ba za su yafe masa ba.

Maganin abin shi ne a ji daga baki fiye da ɗaya, sannan a gwada da takarda. Jerin sarakunan Gobir da ake karantawa a fada yana da ɗaruruwan sunaye, kuma na wannan gida ba lallai ya dace da na wancan ba. Landeroin, jami'in Faransa da ke cikin ayarin shata iyaka na Tilho, ya rubuta abin da ya ji daga dattawa tun farkon ƙarni na 20. Boubou Hama na Nijar ya yi littafi a kan Gobir da Sakkwato a 1967. Ga Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ga Arewa House a Kaduna. In kuma an zo wurin da hujja ta ƙare, marubuci ya ƙaga abinsa, amma ya faɗa wa mai karatu cewa ƙagawa ya yi. Haley ya sha kunya ne saboda ya sayar da ƙage da sunan tabbas.

Wani zai ce mu ba mu da takardu kamar Turawa. To, su ma mutanen Ailan ba su tsira ba. Yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wani miliyan ya bar ƙasar. A 1922, lokacin yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Dablin ta ƙone, yawancin takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 suka zama toka. Duk da haka jikokinsu na Amurka suna tono asalinsu daga rajistar coci da takardun harajin filaye da duwatsun kaburbura. Mu kuma muna da tsage, da kirarin gida, da sunan unguwa, da sana'ar gado, da wasan barkwanci irin na Bagobiri da Bayarabe, da tsofaffin mata masu sanin wa ya auri wa.

Tsofaffin nan su ne abin da ya hana ni barci. Tun daga 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka tsallaka Jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga. A 2020 an kai wa Gangara hari da ya ci rayuka. A watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agusta. Na san wata dattijuwa daga wajen Gangara da kan jero iyayen mijinta har hawa bakwai, ta faɗa maka wanda ya zo daga Tsibiri da wanda ya tafi cin rani Gwanja bai dawo ba. Gudun hijira ya kai ta Nijar, can Allah ya karɓi abinsa, kuma babu wanda ya taɓa ajiye rikoda a gabanta. Ni ma da nake wannan surutu ban yi ba. Jikokinta da ke tasowa a can, in an tambaye su daga ina suke, sunan gari kawai za su iya faɗa.

Shi ya sa ba fim ɗin sarakuna kaɗai nake roƙo ba. A ɗauki gidan maƙeri ko na manomi. Kakan farko ya tsere daga Alƙalawa a 1808, jikansa ya ga ranar da aka kafa dutsen iyaka a kusa da gonarsa, wani ya yi fataucin goro, wata aka aurar da ita Maraɗi, na ƙarshe ya ɗauki uwarsa a babur ya bi hanyar da kakanninsa suka bi shekara ɗari biyu da suka wuce. Na san za a ce kuɗi. Fim na tarihi yana cin dawaki da sutura, gaskiya ne. Amma littafi biro da takarda yake ci, kuma Roots da Queen da Shaihu Umar duk a takarda suka fara. Saboda haka marubuta nake fara kama wa hannu, 'yan fim su biyo baya.

Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Zauna da su yau, ka tambayi sunan kakan kaka, da sunan matarsa, da garin da suka baro, da dalilin barowar. In an zo wurin da suka yi shiru suka sunkuyar da kai, kada ka matsa masu, amma ka lura da wurin, domin galibi nan labarin yake. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, ya mayar da kowa gidansa.