Jinjina ga Masu Kwashe Alƙaluman Lafiya a Baure

Duk ƙarshen wata, ƙananan asibitocin Baure, daga Babban Mutum zuwa ƙauyukan bakin iyakar Nijar, sukan tattara lissafin rigakafi, awon ciki da haihuwa. Jami'an bayanai na ƙaramar hukuma ne ke shigar da shi cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙera, wadda Nijeriya ta mayar da ita rumbun bayanan lafiyarta.

Aikin na bukatar natsuwa. Idan alƙaluman suka zo a fayil ɗin Excel ko CSV, dole kowane layi ya dace da gurbinsa a rumbun kafin a loda. Wani ya rubuta “B/Mutum”, wani ya cika sunan, kwamfuta kuwa ba ta san wuri ɗaya ba ne, sai ta ƙi karɓa. Jami'in ya koma ya bi lambar kowane asibiti, ya gyara kwanan watan da aka juya, ya cire maimaici, ga wuta na ɗaukewa, ga intanet na jan ƙafa.

Da irin waɗannan alƙaluma Katsina da Abuja ke gane unguwar da yara suka rasa allura.